Jirgin da Baba Ya Hau a Libaful

Baba ya rasu ranar Talata da hantsi, a ɗakinsa, Mama tana zaune a bakin gado tana tsintar wake. Ta ce ruwa ya nema, ta tashi ta ɗebo, kafin ta dawo ya riga ya tafi. Kafin azahar an kafa rumfa biyu a ƙofar gida, an jero kujerun roba da aka kwaso daga coci, maƙwabtanmu Musulmi kuma suka shimfiɗa tabarminsu a gindin darbejiya. Ni aka zaunar a kujerar gaba ina karɓar gaisuwa, domin 'ya'yan da ya haifa duka mata ne, kuma ni ne babban namijin da ya rage a gidan. Wan mahaifina ne, amma tun ina ɗan shekara shida ban san wani uba ba sai shi.

Kwana huɗu muka yi a rumfar nan kafin a binne shi ranar Asabar. Tsofaffin sojoji huɗu suka zo, su ne ragowar waɗanda suka yi zamani da shi, kowa da hular da ta koɗe. Suka jeru a ƙofar ɗakinsa suka sara masa. Ɗaya daga cikinsu hannunsa na dama ya shanye, sai ya sa na hagu ya ɗaga shi har goshi. Matan zumuntar coci suka zauna cikin gida suna waƙa, wani lokaci da Hausa, wani lokaci da yarenmu na C'lela. Tsohon mahaucin da muke katanga ɗaya da shi, Bakabe, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, ya ce: "Ni dai ban san mi za ni ce maka ba. Shekara hamsin muna zaune, ko sau guda bai taɓa ɗaga mani murya ba." Surukai suka zo daga Kanya da Bena, duk da yadda hanya ta zama a 'yan shekarun nan.

Kusan duk wanda ya zauna, bayan ya yi mini gaisuwa, sai ya girgiza kai ya ce, Allah sarki, Jirgin Sama ya tafi. Da wannan laƙabi aka san shi a Zuru, har akwai matasan da ba su san yana da wani suna ba. Ba da mugunta suke faɗa ba, da ƙauna ne. Wata tsohuwa daga Bena ta ce mutumin kirki ne, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, ƙaryarsa ɗaya ce tak a duniya, ita ma ba ta cuci kowa ba. Aka yi 'yar dariyar nan ta zaman makoki, wadda ake yi ƙasa-ƙasa don a sauƙaƙa wa masu gida. Wasu suka dube ni suna jiran in taya su, don sun san daga bakina laƙabin ya fito. Na sunkuyar da kai na ce na gode. Na san ba ƙarya ba ce, kuma ban buɗe baki ba.

Bari in fara faɗin ko wane ne shi, kada laifina ya rufe shi.

Yana saurayi ya shiga soja, tun zamanin Turawa, kamar yadda samarin duwatsunmu da yawa suka yi. Ya riga ya fara golmo, wato noman da saurayi ke yi wa iyayen budurwarsa shekara da shekaru kafin a ba shi ita, sai aikin soja ya ɗauke shi. Ƙanensa, mahaifina, shi ya ɗauki fartanya ya ƙarasa masa sauran shekarun, har aka ba shi Mama. Da mahaifina ya rasu, Baba ya zo ya ɗauke ni a kafaɗa ya kai ni bariki. Wata rana na ji wani ya tambaye shi ko ɗansa ne ni, ya ce: "Ubansa ya noma mini mata. Wane ne zai zama ɗana in ba shi ba?"

A soja makaniki ne, ya kai muƙamin saje. Da ya yi ritaya ya dawo Zuru ya kama gona, yana kuma gyaran injin niƙa da famfon ban ruwa. Kullum da safe sai ya yi aski a gaban wani gutsuren madubi da ya maƙala a jikin rumbu, ya goge takalminsa har ya yi ƙyalli, sannan ya sa shi ya shiga gona cikin taɓo. Mama ta yi magana har ta gaji. Idan aka kira shi gyara, ba ya taɓa inji sai ya sa an tayar da shi, ya tsuguna ya karkata kai ya daɗe yana saurare. Idan mai injin ya ƙosa sai ya ce masa ya bari a ji abin da yake faɗa tukuna. Kayan aikinsa a jere suke kan wani tsohon buhu, kowace sufana da wurinta, kuma duk wanda ya mayar da ita inda ba nan take ba zai sha ranƙwashi, ko da yana da gemu.

Hausarsa ta bariki ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Mama ma "ya zo" ce, "ya tafi kasuwa" ce. Mu da muka yi makaranta muna yi masa dariya a bayan ido.

Lokaci ne kawai ba ya wasa da shi. Akwai wani fasto da aka taɓa kawo mana, mai dogon wa'azi. Baba ya yi masa magana sau biyu a keɓe. Lahadi ta uku, da agogonsa ya nuna sha biyu, sai ya miƙe daga kujerar gaba, ya sunkuya wa bagadi, ya taka a hankali ya fice ta tsakiyar jama'a. Dattawan coci suka zo gida da yamma don su ja masa kunne. Ya ba su kujera, ya sa aka kawo musu kunu, ya ce shi bai raina maganar Allah ba, amma awakinsa ma Allah ne ya halicce su, kuma tun safe suke ɗaure. Wata shida ba su gaisa da faston ba. Daga baya injin wutar cocin ya lalace ana gobe Kirsimeti, Baba ya kwashi buhunsa ya je ya gyara ba tare da an aika masa ba, shi ke nan aka shirya. Idan azumin maƙwabtanmu ya kama kuwa, doka ce a gidanmu ba mai cin ko gyaɗa a ƙofar gida da rana.

Ya yi yaƙin basasa daga farko har ƙarshe, akwai tabon harsashi a cinyarsa, amma ban taɓa jin ya ba da labarin yaƙi ba. Idan abokansa suka fara, sai ya tashi ya ce zai duba awaki. Labari ɗaya ne yake bayarwa, kuma yakan bayar da shi duk inda mutum uku suka zauna.

Kafin samun 'yancin kai, an zaɓe shi cikin 'yan sojojin da aka tura Ingila kwas ɗin gyaran motoci. Jirgin ruwa suka bi, suka sauka a Libaful, garin da yaran yanzu ba su sani da komai ba sai ƙwallo. Takardunsu suka sami matsala, aka ajiye su a wani masauki kusa da tashar jiragen ruwa kusan mako biyu. A nan ya ga abin. Ya ce titin jirgin ƙasa ne, amma ba a ƙasa yake ba. An kafa ginshiƙan ƙarfe a jere, masu tsawon da ya fi rufin cocinmu, aka shimfiɗa titin a kansu, jirgi yana gudu a sama, motoci da kekunan doki suna wucewa ta ƙarƙashi. Ba ya cin gawayi, ba ya hayaƙi, da lantarki yake tafiya. Matakala ake hawa a je tasha. Idan ka zauna ta gefen taga, jiragen ruwa na duniya duka suna ƙasanka, kana leƙa cikinsu kana ganin ana sauke buhunan gyaɗa da auduga, waɗanda ya ce ya rantse wasu daga ƙasarmu suka fito. Idan ruwan sama ya sauko, 'yan dakon tashar sukan taru a ƙarƙashin titin su fake, suna shan taba. A ƙarshen hanyar kuma, sai jirgin da ke sama ya shige cikin wani tudu, tasharsa ta ƙarshe a cikin rami take.

Ya ce kullum sai ya hau, ya je ƙarshe ya dawo, ba don yana da wurin zuwa ba. Idan ya zo nan a labarin sai muryarsa ta sauka. Shi da ya girma yana ƙamewa duk lokacin da Bature ya gifta, ya shiga tarago ya tsaya a bakin ƙofa bai san ko an yarda ya zauna ba. Wani ɗan dako, Bature, fuskarsa duk baƙin gawayi, ya matsa ya buga benci da tafin hannu. Ya zauna kafaɗarsu na gugar juna. A tasha ta gaba wata mata ta shigo da jariri da kwando.

"Matan nan ya dube ni," in ji Baba, "ya ce riƙe mini. Ya sa yaro a hannuna, ya gyara takalminsa. Yaro ya kama maɓallin rigata. Ni, Badakkaren Zuru, a sama, da ɗan Bature a hannu, ba wanda ya ce mini komai."

Bayan shekara guda da 'yan watanni, da ya gama kwas ya dawo garin don shiga jirgin gida, abin da ya fara nema ke nan. Ya tarar an kulle matakalar da sarƙa. An daina aiki da titin, an ce ƙarfen ya ci tsatsa, gyaransa ya fi ƙarfin masu shi. Ya tsaya ya ga ana yanka ginshiƙan da wuta ana lodawa a mota. Ya ce ba shi kaɗai ne ya tsaya kallo ba, akwai tsofaffin garin da suka cire huluna. Kullum a nan yake rufe labarin, ya ce da sun tambaye shi, da ya gaya musu abin yana gyaruwa.

Ina yaro na sha wannan labari kamar kunu. Na zana jirgin a ƙasa da tsinke, na yi faɗa da wani ɗan ajinmu da ya ce ƙarya ne. Abin da ya canza ni shi ne kwalejin horon malamai. Na karanta labarin ƙasa, na dawo ina ganin duk abin da ba ya cikin littafina bai faru ba. Akwai wani malaminmu da ya yi karatu a Ingila. Na taɓa tambayarsa, ya ce shi jiragen da ya sani a ƙarƙashin ƙasa suke bi, bai taɓa ganin na sama ba. Wannan amsa na riƙe a aljihu na dawo da ita gida.

Ranar bikin auren 'yarsa ta biyu ne, da la'asar, surukai daga Kanya sun cika tsakar gida, an ci an sha. Wani dattijo cikinsu ya ce a ba su labarin Ingila. Baba ya gyara zama ya fara. Ina tsaye da sabuwar rigata, akwai 'yan mata biyu daga kwalejinmu da na gayyato, ina ganin suna kallon juna suna danne dariya saboda Hausarsa. Kunya ta kama ni, sai na juye ta a kansa. Da ya kai inda jirgin ya shige cikin tudu, na katse shi. Na ce, Baba, ɗazu jirgin yana sama, yanzu kuma ya shiga rami? Aka yi dariya. Na ce na tambayi wanda ya zauna a ƙasar shekara uku, ya ce babu wannan abu. Na tambaye shi, idan akwai shi, yana ina yanzu?

Ya ce, "Sun rushe shi."

Dariyar da aka yi a lokacin har yau ina jin ta. Ni kuwa na sami abin da nake so, sai na ƙara. Na ce ƙila jirgin sama Baba ya shiga ya manta. Wani ya maimaita, Jirgin Sama, Saje Jirgin Sama. Baba ya dube ni. Bai yi fushi ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi. Kallon mutumin da ke ƙoƙarin gane fuskar baƙo ya yi mini. Sannan ya yi murmushi don kada a ɓata bikin 'yarsa, ya ce wa surukan da yarenmu, yaro ya yi karatu, ai don haka aka tura shi. Ya tashi ya je ya kama wa mata sauke tukunya, aikin da ba nasa ba.

Daga ranar bai sake ba da labarin ba, shekara kusan arba'in. Idan wani ya tsokane shi ya ce Saje, a ba mu na jirgi, sai ya ce ya manta. Laƙabin ya bi shi kasuwa, ya bi shi coci, har jikokinsa suka tashi suna kiransa da shi, yana amsawa.

Ni kuma bai canza mini ba ko kaɗan. Shekara biyu bayan bikin, ina koyarwa a Sakkwato, na yi hatsari a kan babur na karya ƙafa da ƙugu. Ba wanda ya aika masa ya zo, ji kawai ya yi. Ya bar dawarsa a tsaye lokacin girbi, ya zo ya yi mako biyar a asibiti. Shi ke ɗaga ni, shi ke wanke ni, shi ke zubar da fo. Yana yi yana yi mini tsawa kamar sabon kurtu, wai in daina nishi, ƙafa ce kawai. Wata rana da rana yana yanke mini farce na so in ce masa ya yafe mini abin da na yi a bikin. Na duba na ga masu jinyar gadon kusa suna jin mu, na bari sai wani lokaci. A zuciyata ma a lokacin gani nake rashin ladabi kawai na yi, amma gaskiya tana wajena.

Shekara shida da suka wuce, ina shugaban wata makarantar sakandare, ina shirya wa malamai darasi a kan hanyoyin sufuri, sai abin ya faɗo mini. Ina zaune a ofis na rubuta sunan garin a wayata, na haɗa da jirgin ƙasa na sama, ina murmushi. Hotuna suka fito, baƙi da fari, ba adadi. Ga ginshiƙan. Ga matakalar. Ga taragon a sama, jiragen ruwa a bayansa. Ga mutane da huluna sun fake a ƙarƙashi. Na karanta cewa tasharsa ta ƙarshe a cikin rami take. An rufe shi an rushe shi a daidai shekarun da Baba ya faɗa, kafin malamin nan namu ya taka ƙasar da shekaru masu yawa. Har yanzu akwai tsofaffin garin da ke rubuta yadda suke kewarsa, wani ya ce mahaifinsa ne yake kai shi yana yaro don ya ga jiragen ruwa. Duk abin da suka faɗa, Baba ya riga ya faɗa mana a tsakar gida da Hausarsa ta bariki, bai ƙara ko ginshiƙi ɗaya ba. Na kulle ƙofar ofis na zauna har aka tashi makaranta.

Da na koma gida na nuna wa matata. Ta ce gobe Asabar, in tashi in tafi Zuru. Na ce ba haka ake yi ba, sai na wanke hoton babba na sa shi a gilashi. Na yi hakan kuwa, cikin mako guda. Na zaɓi wanda ya fi nuna taragon da mutanen da ke ƙasa. Na naɗe shi a zani na sa a bayan mota, na zo Kirsimeti da shi. Na tarar da gida cike da mutane. Na ga idan na fito da shi dole in faɗi abin da na yi a gaban ƙannena da 'ya'yana da surukai, ni da ake kira Shugaba, ni da nake zama a kujerar dattawan coci. Na ce bari a watse. Da aka watse na ce ya gaji. Na koma da shi. Ista ta zo, na sake zuwa da shi, na sake komawa da shi. Daga nan na jingine shi a bayan kabad, fuskarsa na kallon bango. Matata ta tuna mini sau uku ko huɗu, na yi mata faɗa, ta daina.

A cikin shekarun nan ne yanar ido ta rufe masa gani. Aka yi aiki a ɗaya bai yi ba, ɗayan kuma likita ya ce shekarunsa sun yi yawa. Da na ji ya daina gani, abin da ya fara zuwa zuciyata, Allah ya gani, sauƙi ne. Na ce yanzu hoton ba shi da amfani.

Watan jiya Mama ta sa aka kira ni a waya, ta ce in zo, jikin ya yi nauyi. Da zan tafi, na tarar matata ta sa hoton a kujerar baya ta mota. Na iso da la'asar. An fito da shi barandar ɗakinsa yana kwance a kujerar zane, ya rame har agogon yana yawo a hannunsa, agogon da ba ya iya gani amma bai yarda a cire ba. Mama tana can gefe tana bakace. Na gaishe shi, ya tambayi yara, ya tambayi hanya. Na je mota na ɗauko, na durƙusa, na ɗora masa a cinya.

Ya shafa gilashin ya ce, mene ne wannan? Na ce hoton jirgin nan ne, na Libaful. Na ce akwai shi, Baba, duk yadda ka faɗa haka yake, ni ne ban sani ba.

Ya ƙara shafawa. Hannunsa na kan gilashin. Sai ya tambaye ni ko an ɗauko matakalar. Na ce tana nan a hagu. Na kama yatsansa na kai wurin. Ya ce tarago nawa ne? Na ce uku. Ya ce haka ne, uku ne. Ya tambaya ko akwai mutane a ƙasa, na ce akwai, sun kai goma. Ya ce to ruwa ake yi ke nan. Ya yi 'yar dariya. Sai ya fara, a hankali, yana tsayawa yana numfashi, ya ba da labarin tun daga saukarsu jirgin ruwa. Mama ta ajiye faifai. Akwai abin da ban taɓa ji ba: ranar da zai bar garin ya koma ya tsinci wani ɗan noti daga cikin ƙarafan da aka yanke, ya zo da shi har gida, ya ɓace masa a lokacin yaƙi. Ya ce da yana nan da ya nuna mini tun ranar bikin.

Da ya gama sai ya juyo da fuskarsa inda nake, ya ce, "Tun yaushe ka samo shi?"

Na ce, "Kwanan nan ne, Baba."

Ya ce, "To, madalla." Ya miƙo mini hoton ya ce in jingine shi inda ba zai fashe ba. Ya ce a mayar da shi ɗaki, sanyi ya fara.

Kwana goma sha tara bayan nan ya rasu. Ranar jana'iza ni na karanta tarihinsa a coci. Na rubuta sakin layi guda a kan jirgin, da abin da na yi masa. Da na iso wurin na ɗaga kai na ga cocin cike har waje, manyan baƙi a gaba, sai na tsallake na wuce zuwa shekarar da ya yi ritaya.

Ranar Litinin, baƙi sun ragu, na shiga ɗakin Mama in yi mata sallama. Tana zaune a ƙasa tana ninke kayansa, ta ware na sojan gefe guda. Hoton yana jingine a bango. Na ce ko in rataye mata shi kafin in tafi. Ba ta ɗago ba. Ta ce matata ta gaya mata labarin hoton tun Kirsimetin farko da na zo da shi, a nan madafa suna soya nama. Ita kuma ta gaya wa Baba washegari.

Na tambaye ta abin da ya ce.

Ta ce murna ya yi. Ya sa ta fito masa da rigarsa mai aljihu biyu, ya yi aski, ya zauna a baranda. A lokacin idonsa garau yake. Ya ga na je wajen motar na buɗe baya na rufe, ya ga na shiga na tafi. Ta ce za ta kira ni ta yi mini faɗa, ya hana ta. Ya ce a bar ni, abu ne mai nauyi, zan kawo shi da kaina. Duk zuwan da na yi bayan nan sai ya sa rigar.

"Da ya tambaye ka tun yaushe," in ji Mama, "ba don bai sani ba ne."

Ta ci gaba da ninke kayan. Na tsaya a bakin ƙofa ban san inda zan sa hannuna ba. Can ta ce in ɗauki hoton in tafi da shi, ita ba ta san garin ba, shi kuma da ya san shi bai gani ba. Ta ce in yi sauri kada rana ta yi mini a hanya, ta miƙo mini ƙullin daddawa in kai wa matata.

Allah ya ba Baba hutawa a wurinsa, ya ba Mama ƙarfin zama a ɗakin nan ita kaɗai. Ni kuma, wanda duk ya karanta wannan, idan ya tashi addu'a ya sa ni a ciki.